Ɗan Aiken da Ke Ɗauko Kod: Yadda Ake Jona Jenkins da Git, da Abin Yi Idan Ya Ƙi

Duk ranar da manhajar bankinka ta ce maka ka sabunta ta, to akwai wata na'ura a wani wuri da ta yi aiki tuƙuru kafin saƙon ya iso wayarka. Ita ce ta tattara abin da marubuta manhajar suka rubuta, ta harhaɗa shi ya zama abu guda, ta yi masa gwaje-gwaje, sannan ta ce ya yi ko bai yi ba. Kula da irin wannan na'ura shi ne sana'ata. Kuma a cikin dukan sassanta, wanda ya fi cin lokacina wani ɗan ƙarami ne da ba ya harhaɗawa, ba ya gwadawa. Aikinsa kawai ya je ya ɗauko kod ɗin daga inda aka ajiye shi. Idan ya tsaya, komai ya tsaya.

Kod shi ne rubutun da ake gina manhaja da shi, layi bayan layi, cikin ɗaruruwa ko dubban fayiloli. Idan mutum goma suna aiki a kan manhaja ɗaya, dole a sami rumbu guda da kowa zai zuba nasa, wanda kuma zai riƙe tarihin kowane canji: wa ya taɓa wane layi, yaushe, don me. Manhajar da ta mamaye wannan fage a yau ita ce Git. Linus Torvalds, mutumin nan ɗan Finland da ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta ta a watan Afrilun 2005, bayan da aka sami saɓani kan BitKeeper wadda masu aikin Linux ke amfani da ita a lokacin. Kafin Git akwai CVS, akwai Subversion da aka fara a 2000, kuma har gobe za ka tarar da Subversion a tsofaffin ma'aikatu. Shi kuwa GitHub, da mutane da yawa ke ɗauka shi ne Git, kamfani ne da ke ajiye wa mutane rumbunansu na Git a intanet. An buɗe shi a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5.

A da, kowane marubuci kan ƙule a kusurwarsa ya yi makonni yana rubutu, sai daga baya a zo haɗawa a tarar aikin wannan ya ci karo da na wancan, a kwana ana warwara. Daga nan aka fito da dabarar haɗawa a kai a kai: kowa ya zuba nasa a rumbu aƙalla sau ɗaya a rana, wata saba ta musamman ta ɗauko nan take, ta harhaɗa, ta gwada. Idan wani abu ya lalace, a sani tun yana ɗanye, tun mai shi bai manta abin da ya yi ba. Kent Beck ya yayata wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990, Martin Fowler ya yi mata rubutu mai tasiri a 2000.

Sabar da na fi sani a wannan fage ita ce Jenkins. Wani injiniya ɗan Japan, Kohsuke Kawaguchi, ya fara rubuta ta a 2004 yana aiki a kamfanin Sun Microsystems, da sunan Hudson. Bayan Oracle ta sayi Sun a 2010, rigima ta tashi kan wa ke da ikon sunan, sai masu aikin suka kaɗa ƙuri'a a farkon 2011 suka koma Jenkins. Da yaren Java aka rubuta shi, kyauta ne, kuma idan ka saka shi a kan kwamfuta kana samunsa ta burauza a ƙofa mai lamba 8080. Abin da ya sa ya bazu shi ne tsarinsa: uwar manhajar ba ta san komai sosai ba, sai ka riƙa jona mata ƙananan manhajoji da ake kira filogin, kowanne ya koya mata sana'a guda. Akwai su sama da 1,800. Jenkins da kansa bai san Git ba, bai san Subversion ba. Filogin ne ke koya masa.

Ni dai yadda nake bayyana shi ga sabbin yara shi ne: filogin ɗin Git kamar yaron shago ne da maigida ya aika sito ya ɗauko dila. Sai yana da abin hawa, ya san hanya, yana riƙe da makulli, ya kuma tabbata siton da ya je shi ne na maigidansa. Kusan duk matsalar da za ka gani, ɗaya daga cikin waɗannan ce ta ɓace.

Saka shi ba wuya. Ka shiga shafin Manage Jenkins, ka danna Plugins, ka nemi Git a jerin waɗanda ake da su, ka yi masa alama, ka ce a saka. Idan ma ranar farko ka amince da jerin da Jenkins ya ba ka shawara, Git na ciki. Za ka lura ba shi kaɗai ya sauko ba, ya taho da tawagarsa: Git client wanda shi ne ainihin mai magana da Git, Credentials mai ajiye kalmomin sirri, SSH Credentials mai kula da makullai, SCM API, da wasu. Kowanne fayil ne da ke zuwa da ƙarshen suna .hpi, ya zauna a foldar plugins da ke cikin gidan Jenkins. A kan Linux wannan gida yawanci /var/lib/jenkins ne. Ka riƙe wannan adireshi, za mu dawo kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sabar da aka hana fita intanet, kamar yadda bankuna da wasu hukumomi kan yi don tsaro. A nan sai ka sauke fayil ɗin a wata kwamfuta, ka kawo shi da hannu ta shafin Advanced. Amma babu mai kawo maka tawagar. Ka saka Git, Jenkins ya ce yana buƙatar Git client. Ka kawo wannan, shi ma ya ce yana buƙatar wasu uku, kowanne kuma da sigar da yake so. Wanda ya bi ta wannan hanya ɗaya bayan ɗaya yini zai yi. Akwai wata ƙaramar manhaja, jenkins-plugin-cli, da za ka ba ta jerin sunayen da kake so a fayil guda, ta lissafo dukan dangogin da kowanne ke buƙata ta sauke su tare. Ka yi hakan a kwamfutar da ke da intanet, ka kwashe foldar gaba ɗaya ka kai.

To an saka. Ka buɗe sabon aiki, ka liƙa adireshin rumbu a gurbinsa, sai jan rubutu ya fito a ƙasa yana cewa an kasa isa ga rumbun. A nan ne mutane ke fara cire filogin suna mayarwa, suna kashe saba suna kunnawa. Kada ka yi haka tukuna. Karanta jan rubutun har ƙarshe, domin a ciki Jenkins ya rubuta ainihin umarnin da ya bayar da amsar da ya samu. Idan kuma aikin ya riga ya fara gudu ne ya faɗi, akwai shafin Console Output, inda kowane mataki ke rubuce. Layin ƙarshe yawanci yana cewa ne kawai an kasa. Dalilin na can sama, layuka kaɗan bayan inda aka fara ɗauko kod.

Abu na farko da kan fito shi ne Cannot run program "git". Ma'anarsa yaron ba shi da abin hawa. Filogin ɗin ba Git ba ne, yana kiran manhajar Git ce da ya kamata a ce an riga an saka a kan kwamfutar. Ko ba a saka ta ba, ko an saka amma Jenkins bai san inda take ba. A shafin Tools akwai gurbin da za ka rubuta cikakken adireshinta, misali /usr/bin/git a kan Linux. Sai dai a kula da wani abu: manyan ofisoshi ba sa gudanar da aiki a kan babbar sabar kanta, suna da wasu kwamfutoci da ake kira ejan, babbar saba ta riƙa raba musu aiki. Kwamfutar da aikin ya faɗa wa, ita ce za ta buƙaci Git. Shi ya sa za ka ga aiki ɗaya ya yi nasara da safe ya faɗi da rana ba tare da an taɓa komai ba. Da safe ya sauka a ejan mai Git, da rana a wanda aka manta. A saman rahoton aiki akwai layin da ke faɗin sunan ejan da aka yi amfani da shi. Shi nake fara dubawa idan matsala tana zuwa tana tafiya.

Na biyu shi ne wanda na fi so mai karatu ya fahimta, don shi ne tushen mafi yawan wahalar. Jenkins wani mutum ne daban a kan kwamfutar. Idan ka saka shi a Linux, ana buɗe masa asusunsa mai suna jenkins, da gidansa, da izininsa. Makullinka ba nasa ba ne. Saitin da ka yi wa Git a asusunka bai shafe shi ba.

Akwai wata matashiya da ta yi koyon aiki a hannuna, mai kaifin basira, da ta zo wata rana ranta a ɓace. "Oga, wallahi a kan sabar nan na shiga da kaina, na ɗauko kod ɗin, ya zo lafiya lau. Amma Jenkins ya ƙi." Na ja kujera kusa da ita na ce ta sake nuna mini. Ta shiga da asusunta, ta buga umarnin, sunayen rassan rumbun suka zubo. Na ce, "Yanzu ki zama shi." Ta sa sudo -u jenkins -H a gaban umarnin git ls-remote da adireshin rumbun, ta danna. Baƙin allon ya ɗan yi shiru, sai layi biyu suka fito, na farko yana cewa Permission denied (publickey). Ta jingina da kujera, ta ce, "Ashe makullin nawa ne ke buɗewa." Makullin yana cikin foldar .ssh ta gidanta, Jenkins ko ganinsa ba ya iya yi. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mata ƙorafi, abin da take fara tambaya shi ne da wane asusu ya gwada.

Hanyar da ta dace ita ce a ajiye makullin a sashen Credentials na Jenkins, a zaɓe shi a cikin saitin aikin. Lokacin ɗauko kod, filogin zai fitar da shi zuwa wani fayil na wucin gadi, ya miƙa wa Git, ya goge bayan an gama. Za ka ga alamar hakan a rahoto, layin da ke ambaton GIT_SSH ko GIT_ASKPASS. Wannan na nufin gwajin da ka yi da hannu a matsayin jenkins ba ya amfani da makullin da ke cikin Credentials, sai ka nuna masa shi da kanka. Duk da haka gwajin na gaya maka ko Git na nan, ko hanya a buɗe take, ko sabar can ta amsa, kuma rabin bincike ke nan.

Kuskuren da ya fi yawa a nan mai sauƙi ne: adireshin rumbu iri biyu ne. Wanda ya fara da https yana son sunan asusu da tokin. Wanda ya fara da git@ yana son makullin SSH. Idan ka haɗa adireshin wannan da makullin wancan, har abada ba za su daidaita ba, kuma abin da za ka fara gani shi ne status code 128, lambar da Git ke bayarwa kan kusan kowace babbar gazawa. Lambar ba ta faɗin komai, layin da ke biye da ita ne ke magana.

Na ce tokin ban ce kalmar sirri ba, saboda tun ranar 13 ga Agusta, 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen ɗauko kod ko zuba shi. Sabobi da dama da suka shekara suna aiki lami lafiya sun wayi gari a tsaye ranar. Shi tokin dogon jerin haruffa ne da kake ƙirƙira a shafin GitHub, ka iyakance abin da zai iya yi, galibi kuma da ranar ƙarewarsa. Idan ranar ta zo, ba wanda zai buga maka waya; saƙon gargaɗin yana zuwa ne ta imel ɗin wanda ya ƙirƙira shi. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada a jona sabar ofis da asusun wani ma'aikaci. Na ga ofishin da ma'aikaci ya ajiye aiki, aka rufe asusunsa kamar yadda ya kamata, washegari duk ayyukan saba suka mutu, kuma babu wanda ya san dalili sai da aka yini ana lalube. A buɗe wa saba asusunta, ko a yi amfani da makullin da ake liƙa wa rumbu guda, a ba shi izinin karantawa kawai idan ba ya buƙatar rubutawa.

Sai maganar tabbatar da cewa siton da aka je shi ne na gaskiya. Kowace saba da ake shiga ta SSH tana da nata makulli da ke zama shaidarta. Karo na farko da ka haɗu da ita, kwamfutarka na rubuta wannan shaida a wani fayil mai suna known_hosts. Nan gaba idan shaidar ta canza, sai ta ƙi ci gaba, domin wataƙila wani ne ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayon sabar. Saƙon da ke fitowa shi ne Host key verification failed. Filogin ɗin Git client ya daɗe ba ya tsananta wannan bincike, sai a watan Yulin 2022 aka toshe giɓin, aka kuma ƙara saiti na musamman a shafin tsaro. Zaɓi huɗu ne a wurin: a dogara da fayil ɗin known_hosts, a amince da haɗuwar farko, a rubuta shaidar da hannu, ko a daina binciken gaba ɗaya.

Na huɗun ne ke jan mutane, domin da ka zaɓe shi jan rubutu zai ɓace kan ka ce kwabo. Ina roƙon duk wanda ke wannan aiki kada ya taɓa shi. Ranar 24 ga Maris, 2023 GitHub ya canza makullinsa na RSA bayan ya gano cewa ɓangaren sirrinsa ya bayyana na ɗan lokaci a wani rumbu na fili. Sabobi a faɗin duniya suka ƙi ɗauko kod, suka fitar da gargaɗi da manyan baƙaƙe. Waɗanda suka tsaya ranar su ne masu lafiya, sun yi abin da aka gina su don shi. Gyaran kuwa bai wuce minti kaɗan ba: a goge tsohuwar shaidar da ssh-keygen -R github.com a asusun jenkins na kowane ejan, a karɓi sabuwa, a kwatanta ta harafi da harafi da wadda GitHub ya wallafa a shafinsa. Wanda ya kashe binciken don ya huta, ya mayar da sabarsa mai karɓar kod daga hannun duk wanda ya ce shi ne GitHub.

Abin da ya sa nake zafafawa shi ne matsayin wannan na'ura. Duk abin da ya shiga cikinta yana fitowa da hatimin kamfani, ya tafi wayoyi da kwamfutocin mutanen da suka yarda da kamfanin. A 2020 aka gano cewa maharan da suka kutsa kamfanin SolarWinds na Amurka sun dasa mugun kod ne a daidai matakin da ake harhaɗa manhajarsu ta Orion. Kamfanin ya ce abokan hulɗarsa da suka kai kusan 18,000 sun sauke gurɓatacciyar sigar, ciki har da hukumomin gwamnatin Amurka. Babu wanda ya yi zargin komai, tunda daga hannun mai ita ta fito.

Irin wannan jarabar ta kashe bincike na sake zuwa ta fuskar satifiket. Idan adireshin na https ne, Git na duba takardar shaidar sabar, idan bai gamsu ba ya ce SSL certificate problem. Za ka sami masu ba da shawarar a saita http.sslVerify ya zama false. Wannan ma rufe ido ne. Dalilan gaskiya kaɗan ne: ko ma'ajiyar satifiket ta kwamfutar ta tsufa, kamar yadda ya faru da tsofaffin na'urori ranar 30 ga Satumba, 2021 da wani tushen satifiket da Let's Encrypt ke dogaro da shi ya ƙare, ko ofishin na da furoksi da ke buɗe kowace hulɗa ya sake rufe ta da nasa satifiket, ko kuma agogo. Wani abin lura, Java na da tata ma'ajiyar daban da ta kwamfutar. Don haka kana iya gyara wa Git hanya, amma Jenkins ya kasa sauke filogin yana cewa PKIX path building failed. Wannan na Java ne, can za ka je ka ƙara satifiket ɗin da keytool.

Agogo kuwa abin raini ne da ke ba da wahala. Kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, idan aka ɗauke wuta ta dawo, tana iya farkawa a wata shekarar da ta wuce, sai kowane satifiket ya zama a wurinta bai fara aiki ba tukuna. Masu amfani da Subversion na da tasu: filogin ɗin Subversion kan nemi kod yadda yake a daidai lokacin da aikin ya tashi bisa agogon Jenkins. Idan agogon na baya da na sabar Subversion ko da da minti biyu ne, sai ya ɗauko na kafin canjin ƙarshe, marubuci ya rantse ya gyara, saba ta ce bai gyara ba. Ana iya liƙa @HEAD a ƙarshen adireshi a tsallake, amma gyaran na ainihi shi ne a sa duka biyun su riƙa daidaita agogonsu ta NTP.

A ɓangarenmu na duniya akwai ƙarin nauyi biyu, layi da wuta. Filogin ɗin Git na ba kowane umarni minti 10. Idan rumbun babba ne kuma layin ofis na rarrafe, sai a yanke shi a tsakiya da saƙon Timeout after 10 minutes, a sake farawa daga farko, a sake yankewa. Waɗanda suka zaɓi minti 10 sun zaɓa ne da irin layinsu. A ƙarƙashin Additional Behaviours akwai saitin da zai ba ka damar ƙara lokacin, da kuma cewa a ɗauko sigar ƙarshe kawai ba tare da dukan tarihin shekaru ba. Abin da ya fi wannan shi ne a ajiye kwafin rumbun a kan kowane ejan a nuna wa filogin shi, ta yadda sabon abin da aka ƙara ne kawai zai bi ta intanet. Ranar 14 ga Maris, 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ofishin da ke da kwafin rumbunsa a cikin gida yana da abin ci gaba da aiki da shi, wanda ba shi da shi sai jira.

Ita kuma wuta, idan ta ɗauke Git na tsakiyar rubutu, takan bar wani fayil mai suna index.lock a baya. Shi wannan fayil alama ce ta cewa ana aiki kada kowa ya taɓa. Wanda ya ajiye shi ya mutu da wutar, amma alamar na nan, sai kowane aiki da ya biyo baya ya ƙi. Ka tabbata babu wani Git da ke gudu, ka goge fayil ɗin, ko ka share foldar aikin gaba ɗaya a sake ɗaukowa. Sabar da ba ta kan inbata ko UPS, wannan zai zama abincinta.

Wasu biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Idan ka ga Couldn't find any revision to build, duba sunan reshe, wato layin aikin da ake son a ɗauko daga rumbu: tun Oktoban 2020 sabbin rumbunan GitHub na kiran babban reshensu main, alhali gurbin Jenkins ya saba zuwa da master a rubuce. Idan kuma ka ga detected dubious ownership, wannan kariya ce da Git ya ƙara a Afrilun 2022, yana ƙin aiki a foldar da ba ta mai gudanar da shi ba ce. Galibi wani ne ya shiga foldar aikin a matsayin root ya taɓa wani abu. A mayar wa jenkins mallakar foldar.

Akwai kuma matsalar da ba ta da jan rubutu ko kaɗan: an zuba kod, saba ko gezau. Hanya biyu ce Jenkins ke sanin an yi canji. Ko ya riƙa leƙa rumbu lokaci-lokaci, misali ka rubuta H/5 * * * * ya leƙa duk minti biyar, ko kuma GitHub ya riƙa ƙwanƙwasa masa da zarar an zuba sabon abu. Ta biyun ta fi sauri, ta fi sauƙi ga layi, amma sai GitHub na iya isa ga sabar daga waje. Sabar da ke ƙarƙashin tebur a ofis, a bayan rauta, ba ta da adireshin da duniya za ta same ta. A shafin saitin rumbun a GitHub akwai jerin ƙwanƙwasawar baya-bayan nan da amsar da kowacce ta samu, can za ka ga ko saƙon ya isa. Ga ƙaramin ofis, ni leƙen nake zaɓa. Jinkirin minti biyar ya fi mini a kan buɗe ƙofar Jenkins ga dukan intanet, musamman idan aka tuna ɓarakar da aka sanar a Janairun 2024, wadda ta ba maharan damar karanta fayiloli a kan sabobin da ba a sabunta ba.

Wannan ya kawo mu ga sabuntawa, wadda ba makawa sai an yi, kuma ita ce ke karya abin da ke tafiya daidai. Kowane filogin na da mafi ƙarancin sigar Jenkins da yake yarda da ita, shi kuma Jenkins na da sigar Java da yake so: daga Satumban 2022 layinsa mai dogon tallafi ya koma neman Java 11, daga Oktoban 2024 kuma Java 17. Wanda ya bar sabarsa shekara biyu bai taɓa ba, ranar da ya so sabon filogin ɗin Git zai tarar sai ya sabunta Jenkins, kafin nan sai ya sabunta Java a babbar saba da kowane ejan. Ya fi sauƙi a bi layin mai dogon tallafi, wanda ke samun sabon tushe duk mako 12, a riƙa tafiya da shi a hankali. Ba na sabuntawa da yammacin Juma'a, ba na yi ana gobe za a fitar da manhaja, kuma ina karanta gargaɗin da shafin Plugins ke rubutawa a ƙarƙashin kowane suna kafin in danna. Jenkins na ajiye sigar da ta gabata ta kowane filogin, akwai maɓallin komawa baya, amma mataki ɗaya kawai yake komawa, kuma ba ya mayar da saitin da sabuwar sigar ta riga ta sauya.

Don haka kafin a taɓa komai a kwafe gidan Jenkins, wato /var/lib/jenkins ɗin nan. Ba sai an haɗa da foldojin aiki ba, ana iya sake ɗauko su. Amma lallai a haɗa da foldar secrets. Duk tokin da makullin da ka ajiye a Credentials a kulle suke, kuma abin buɗe su na cikin wannan folda. Kwafin da babu ita zai dawo maka da sunayen makullai, amma ko ɗaya ba zai buɗe rumbu ba. Saboda wannan dalilin dai, ita foldar secrets a ajiye kwafinta a wuri daban da sauran, inda mutane kaɗan ne ke iya kaiwa. Lokaci-lokaci kuma a ɗauki wata kwamfuta da ba a amfani da ita, a zuba kwafin a kanta, a kunna, a danna Build Now a kan aiki guda, a ga ko kod ya zo.